Shin ƙara wa katin girafik gudu zai amfane ni a zafin Jigawa?

Mai shagon caji, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta ciki da waje. Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma a cikinsa na ajiye kwamfutar tebur guda ɗaya wadda matasan gari suke biyan kuɗi su buga gem a kanta, galibi ƙwallo da GTA V. Firosesarta Core i5-4590 ce, RAM ɗinta 8 GB, katin girafik kuwa, wato sashen da ke fitar da hoton gem, GTX 1060 ne mai 6 GB, na gwanjo, wanda na sayo a Kano. Monitar tana nuna 1080p a kan 60 Hz. Wutar shagon daga sola take zuwa, da batir biyu masu 200 Ah da inbata, sai kuma ƙaramin janareta da nake tayarwa idan hadari ya rufe rana.

Abin da ke damuna shi ne, da safe gem yana tafiya sumul, hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa suna kusa da 60, amma daga azahar zuwa bayan la'asar, wato daidai lokacin da yara suka fi cika shagon, sai fankar katin ta yi ta ƙara, hoto ya riƙa sarƙewa, lissafin ya sauko wajen 45. Wani yaronmu da ke karatu a birni ya ce in sauke MSI Afterburner in ja ma'aunan gudu zuwa sama, wai katin yana da ƙarfin da kamfani ya ɓoye. Na sauke manhajar, na buɗe na duba, amma ban taɓa komai ba, domin wannan katin shi ne mafi tsadar abin da ke cikin shagon bayan batura, kuma idan ya ƙone ba ni da halin sayen wani a bana.

Tambayoyina su ne: shin ƙara masa gudu fiye da ƙa'idar kamfani yana iya ƙona shi? Idan ba ya ƙonawa, wane irin ƙari zan gani a gem? Kuma ta yaya ake yin abin bisa tsari? Allah ya saka da alheri.

Mai gyaran kwamfuta, Kazaure

Wa alaikumussalam. Ƙanena, ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka taɓa, kuma amsar matsalarka tana cikin bayanin da ka yi da kanka. Katin da ƙarfinsa ya gaza wa gem, zai gaza da safe, ya gaza da dare. Wanda kuwa yake lafiya da hantsi sannan ya sare idan rana ta take, zafi ne ke damunsa, ba ƙarancin gudu ba.

Tun daga GTX 680 da ya fito a 2012, katunan kamfanin NVIDIA, irin naka, suna ɗauke da wani tsari mai suna GPU Boost, wanda yake sa kati ya ƙara wa kansa gudu ko ya rage, gwargwadon halin da ya tsinci kansa. Naka, wanda ya fito a 2016, an rubuta masa 1506 MHz a matsayin gudun tushe da 1708 MHz a matsayin gudun ƙari, amma idan yana cikin sanyi, da kansa yake haurawa sama da 1800 MHz ba tare da kowa ya sa shi ba. Abu uku yake dubawa a kowane lokaci: zafin guntun da ke tsakiyarsa, yawan wat ɗin da yake ja, da ƙarfin wutar da aka halatta masa. Yayin da zafi ke hawa, yana sauke gudunsa mataki-mataki, kowane mataki kimanin 13 MHz, idan kuma ya kai digiri 83, wanda shi ne iyakar da aka sa masa daga kamfani, sai ya ci gaba da ragewa har zafin ya daina hawa. Saboda haka maganar yaronku cewa akwai ƙarfin da aka ɓoye tana da ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai mafi yawan wannan ƙarfin katin ya riga ya ɗauka da kansa duk lokacin da ya samu sanyi.

A nan ne bambancinmu yake da mutanen da kuke kallo a YouTube suna ƙara wa katinsu gudu. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa ta tsakanin ƙarafan katin, don haka tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da zafin kati ba ta cika canzawa ba. Katin da ya tsaya a digiri 68 a ɗakin da ke kan 22, idan ka kawo shi ɗakin da ke kan 42, zai nemi ya kai wajen 88, wato ya wuce iyakarsa tun ba a ƙara masa komai ba. A watan Afrilu da Mayu zafin waje a ƙasarmu yana haura 40, balle shago mai rufin kwano wanda ba shi da silin, ga wayoyi suna caji, ga matasa sun cika ƙofa sun tare iska. Ƙara wa irin wannan katin gudu daidai yake da ƙara wa jaki bulala alhali ƙishirwa ce ta tsayar da shi.

Ga abin da nake so ka fara yi. Ka sauke GPU-Z, ƙaramar manhaja ce ta kyauta. A shafinta na farko ka tabbatar ta nuna Shaders 1280, wato yawan ƙananan sassan lissafi da ke cikin guntun, domin GTX 1060 mai 3 GB yana da 1152 ne, kuma a kasuwar gwanjo akan samu tsohon kati da aka sauya wa suna, wanda wannan manhajar takan tona shi. Sannan ka buɗe shafin Sensors, ka bar shi a buɗe yayin da ake buga gem bayan la'asar, ka duba zafi, ka duba gudu, ka duba layin da aka rubuta PerfCap Reason. Idan ka ga Thrm, zafi ne ya riƙe katin. Idan Pwr ne, ya kai iyakar wat ɗinsa. Idan kuwa VRel ne, lafiyarsa ƙalau, ya kai ƙarshen ƙarfin wutar da aka ba shi ne kawai.

Ina kyautata zaton Thrm za ka gani. Kusan duk katin gwanjo da aka kawo mini daga ƙauyukanmu, idan na cire murfin fankarsa, sai in tarar ƙurar hunturu ta haɗu da zaren tufafi da yanar gizo-gizo ta toshe tsakanin ƙarafan gaba ɗaya, har sai ka ɗaga shi a rana ba ka ga haske ta ciki ba. Idan na kwance ƙusoshi huɗun da ke bayansa, man da ake shafawa tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya ya bushe ya tsattsage, yana ɓarewa da farce. Ka tuna cewa GTX 1060 yana cikin katunan da aka yi ta haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su dare da rana, har zuwa Satumban 2022 da aka daina haƙarsa da katin girafik, daga nan ne kuma da yawansu suka kwararo kasuwa. Ka cire wuta, ka fito da katin, ka riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, ka hure shi da bulowa, ka bi da burushi mai laushi. Sauya man kuwa, idan hannunka bai saba ba, ka kai wa mai gyara, ka kuma gaya masa ya kula da ƙananan katifun roba da ke kan memori kada su yage, domin idan aka maye gurbinsu da masu kauri daban, ƙarfen ba zai zauna daidai a kan guntun ba. Kada wani ya ce maka man goge baki yana yin aikin; bushewa yake yi nan da nan.

Ɗalibin injiniya, Wudil

Baba mai gyara ya faɗi gaskiya game da zafi, kuma ban ƙi ko ɗaya daga cikin shawarwarinsa ba, amma Yaya ya yi tambaya uku, ya kamata a ba shi amsarsu kai tsaye, domin bayan an wanke katin tambayar za ta dawo.

Game da ƙonewa: da wuya ƙwarai ka ƙona GTX 1060 ta hanyar Afterburner, saboda NVIDIA ta kulle ƙarfin wutar da manhaja za ta iya ba shi, ba ya wuce bolt 1.093 ko da ka ja ma'aunin zuwa ƙarshe, kuma iyakar wat da ta zafi suna nan suna aiki. Abin da yake faruwa idan gudu ya yi yawa shi ne gem ya rufe kansa, ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, domin Windows tana sake tayar da direban kati idan ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba. Haɗarin gaske yana wajen masu sauya BIOS ɗin kati, wato manhajar da ke dashe a cikinsa, don cire waɗannan iyakokin, da kuma wajen na'urar da ke ba kwamfuta wuta idan ba ta da inganci. Na farkon kada ka kusance shi.

Game da riba, a yi lissafi. Idan katin yana kan 1850 MHz ka kai shi 2000 MHz, ƙarin kashi 8 cikin 100 ne, kuma gem ba ya mayar maka da ƙarin gudu cif-cif. Mai samun hoto 45 a daƙiƙa zai koma 48 ko 49 idan an yi sa'a. Daga 45 zuwa 60 kuwa ana buƙatar ƙarin kashi 33, wanda babu wani jan ma'auni da zai ba ka shi. Haka nan duk abin da ya haura 60 monitarka ba za ta nuna shi ba. Ribar tana nan, amma ƙarama ce, kuma ta fi amfani ga wanda yake kan 55 yana neman ya riƙe 60.

Yadda ake yi kuwa, sharaɗinsa haƙuri da sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka fara da auna katin yadda yake, da manhajar gwajin kati ta Unigine Heaven ko Superposition, duka kyauta ne, ko da gwajin da ke cikin GTA V kansa, ka rubuta sakamakon a takarda tare da zafi da gudu. Ka kunna RivaTuner da ke zuwa tare da Afterburner don ka riƙa ganin waɗannan lambobin a kusurwar allo ana cikin gem. Daga nan ka gyara tsarin fanka ta yadda za ta fara sauri da wuri, misali ta kai kashi 70 tun zafi yana digiri 65, maimakon ta jira sai ya yi tsanani. Sannan ka ɗaga Power Limit, wato iyakar wat ɗin da katin zai iya ja. A katin asali na NVIDIA yana kai kashi 116, wato daga wat 120 zuwa kimanin 139, amma kowane kamfani da tasa iyakar. Sai Core Clock, wato gudun guntun: ka ƙara 50 MHz da farko, ka gwada, sannan ka riƙa ƙara 25 kana gwaji bayan kowane ƙari. Ranar da gem ya rufe kansa, ko ka ga ɗigo-ɗigo masu launi, ko walƙiya, ko dogayen layuka suna fita daga jikin mota ko ɗan wasa, ka koma baya mataki biyu, ba ɗaya ba. Da yawa daga cikin waɗannan katunan suna tsayawa tsakanin 2000 da 2100 MHz idan akwai sanyi, sai dai kati biyu masu suna ɗaya ba lallai su jure gudu ɗaya ba, shi ya sa kwafar lambobin wani daga intanet ba ta da amfani.

Memori yana da nasa hali, kuma a nan mutane suka fi ruɗuwa. Afterburner zai nuna maka wajen 4000 MHz, wanda yake ba katin damar kwasar 192 GB a daƙiƙa. Idan ka ƙara 400 MHz zai koma kimanin 211 GB. Amma memorin GDDR5, irin wanda ke kan wannan katin, yana gano kuskuren da ya auku wajen aika bayani, ya sake aikawa, saboda haka idan ka wuce ƙarfinsa ba lallai ka ga ɓaraka a allo ba, sai dai sakamakon gwaji ya daina hawa ko ya fara sauka alhali lambar gudun tana ƙaruwa. Don haka ka riƙa ƙara 100 MHz kana duba sakamakon, inda ya daina hawa nan ne iyaka, sai ka rage kaɗan. Ka sani kuma wannan katin ba ya nuna zafin memorinsa, don haka a bazara gara ka tsaya nesa da iyakar.

Ba na ba da shawarar manhajar gwaji ta FurMark, domin yana ɗora wa kati nauyin da babu gem ɗin da ke ɗorawa, kuma kati yana iya cin gwajinsa ya faɗi a gem. Gwajin da ya fi shi ne a yi awanni ana buga gem ɗin da aka saba. Kada ka danna maɓallin da ke sa saitin ya hau tare da tashin Windows sai ka gamsu ya zauna. Idan kana so, Temp Limit, wato iyakar zafi, ma yana ɗaguwa har zuwa digiri 92, wanda zai hana katin rage gudu da wuri.

Mai haɗa sola, Haɗejia

Ni ba gwanin gem ba ne, wuta ce sana'ata, kuma ta wannan ɓangaren nake so in sa baki, domin ɗan'uwa ya ce da batir yake aiki, kowane wat kuwa a shagon caji kuɗi ne.

Batir biyu masu bolt 12 da 200 Ah suna ɗauke da 4800 Wh a lissafi, amma idan na ruwa ne ko na jel, rabin wannan kawai ya kamata ka riƙa ci idan kana son su daɗe, wato 2400 Wh. Idan ka bi shawarar ɗalibi ka ƙara wa katin wat 20, a awa biyar ka ci ƙarin 100 Wh. Batirin waya mai 5000 mAh bai wuce kimanin 19 Wh ba, ke nan ka ba da cajin waya huɗu ko biyar kullum don samun ƙarin hoto uku a daƙiƙa, waɗanda ban tabbata masu biyanka za su lura da su ba. Kuma duk wat ɗin da katin ya ja, zafi yake komawa a cikin wannan shagon.

Akwai hanyar da ta fi dacewa da mu, a cikin wannan manhajar dai, ita ce rage wa katin ƙarfin wuta a bar masa gudunsa. Wutar da guntu ke ci tana hawa daidai da gudu, amma tana hawa da ninkin ƙarfin wuta a kansa. Katin da ke aiki a bolt 1.05, idan ka sauke shi zuwa 0.90 a kan gudu ɗaya, ka raba 0.90 da 1.05 ka ninka amsar a kanta, za ka samu kusan 0.73, wato abin da guntun ke ci ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Kamfani yana ba kowane kati wuta fiye da buƙatarsa don ya tabbata har mafi raunin guntu ya yi aiki, wannan rarar ce ake ragewa. Idan zafi ya sauka, GPU Boost ɗin da Malam na Kazaure ya yi bayani ba zai riƙa sauke gudu ba, sai ka tarar katin da aka rage wa wuta ya fi wanda aka ƙara wa gudu tsayawa a wuri ɗaya da la'asar. A Afterburner, idan ka danna Ctrl da F tare, za ka ga jadawali mai ɗigogi, ƙarfin wuta a kwance, gudu a tsaye. Ana zaɓar ɗigon da ke kan milibolt 900 ko 950 a ɗaga shi zuwa gudun da ake so, sannan a kwantar da duk ɗigogin da ke damansa su daidaita da shi, ta yadda katin ba zai nemi wuta sama da wannan ba. Idan ka rage fiye da kima, gem ne kawai zai rufe. Ƙarancin wuta ba ya ƙona guntu.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ka ambaci fawa-fak ɗinka ba, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta. NVIDIA ta ce wannan katin yana son na wat 400, sai dai lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba ita ake dubawa ba. Ka karanta takardar da ke manne a gefensa, ka nemi layin +12V, ka ninka amfiyar da aka rubuta da 12, domin daga wannan layin kati da firosesa suke sha. Ka kuma duba wayar da ta shiga katin. Ramin da aka soke shi a jikin madabod, wato babban allon kwamfuta, yana ba da wat 75, filogi mai ƙafa 6 yana ba da wasu 75. Idan fawa-fak ɗin ba shi da wannan filogin aka yi dabara da adafta daga wayar SATA da ke kai wuta ga rumbun ajiyar bayanai, to ita an yi ta ne don wat 54, kuma na sha ganin ta narke ta yi baƙi. Sannan ka duba inbatarka, ko tana fitar da wuta mai tsabtataccen zubi irin ta layin gari ko mai zubin matakala irin ta masu araha, domin fawa-fak na zamani yakan yi ƙugi ko ya kashe kansa a kan ta biyun. Ƙaramin janareta ma wutarsa tana hawa da sauka da zarar an ƙara masa kaya. Ranar da kake kansa, ka mayar da katin saitinsa na asali.

Mai shagon caji, ƙasar Ringim

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da Baba na Kazaure ya ce. GPU-Z ta nuna 1280, alhamdu lillahi katin na gaske ne. Da la'asar zafin yana manne a 83, gudun yana yawo wajen 1600 MHz, layin nan kuma Thrm yake nunawa. Na kai shi Ringim an hure shi an sauya man, na kuma ɗauke kwamfutar daga ƙasa na ɗora ta a kan tebur nesa da bango. Yanzu a lokaci irin wannan yana tsayawa a 74, gudun yana wajen 1850 MHz, ƙwallo kuma ta daina sarƙewa gaba ɗaya.

Saura abu biyu. Na farko, a GTA V idan ana tuƙi da gudu a tsakiyar birni har yanzu lissafin yana faɗowa, kuma na lura a daidai lokacin aikin katin yana sauka wajen kashi 70, ita kuwa firosesa tana kan 100. Na biyu, na karanta takardar fawa-fak kamar yadda Malam na Haɗejia ya ce: an rubuta 500W a sama, amma layin +12V amfiya 18 ne, kuma da adaftar SATA aka haɗa katin. Kuɗin da ke hannuna ba zai sayi komai da komai a lokaci ɗaya ba. Wanne zan fara, kuma shin in ƙara gudun yanzu tunda zafi ya sauka?

Mai gyaran kwamfuta, Kazaure

Madalla, ƙanena. Daga 1600 zuwa 1850 ƙarin kusan kashi 16 ne, ninki biyu na abin da ɗalibinmu ya lissafa maka.

Fawa-fak za ka fara saya, kuma kafin ka saya kada ka ɗaga Power Limit ko da kashi ɗaya. Amfiya 18 sau 12 wat 216 ne kacal. Katin yana iya cin 120, firosesarka an ƙiyasta mata 84, ka ga an kusa cinye shi tun ba a lissafa fankoki da rumbun ajiyar bayanai ba, kuma irin wannan na'urar idan ta mutu takan tafi da abin da ke haɗe da ita. Ka nemi wanda layinsa na +12V ya kai amfiya 30 ko sama, mai filogin kati nasa na kansa. Tambarin 80 Plus yana nuna cewa ba ya asarar wuta da yawa, abin da zai taimaki baturanka, amma shi kaɗai ba shaidar inganci ba ne. A halin yanzu shawarar Malam na Haɗejia ita ce ta dace da kai, domin rage ƙarfin wuta yana sauƙaƙa wa wannan adaftar ma. Ka fara da milibolt 950 a kan 1800 MHz, idan ya zauna ka sauko 925, sannan 900.

Abin da ka gani a tsakiyar birni kuwa, firosesa ce ta gaza, katin jiran ta yake yi, kuma ko ka kai shi 2100 MHz babu abin da zai canza a wurin. A cikin saitin gem ɗin, ka rage Population Density da Distance Scaling, ka kashe Extended Distance Scaling, su ne ke cin firosesa. MSAA, mai gyara gefen hoto, da ingancin ciyawa kuwa kati suke ci. Ka duba RAM ɗinka, idan sanda ɗaya ce mai 8 GB, ƙara ta biyu irinta yana buɗe wa firosesa hanya biyu maimakon ɗaya, kuma shi ne gyara mafi araha bayan fawa-fak. Daga baya, idan hali ya samu, Core i7-4770 ko 4790 suna shiga ramin firosesa na LGA1150 da kake da shi, suna da zare 8 a maimakon 4, wato yawan ayyukan da suke ɗauka lokaci ɗaya.

Wuri ɗaya na saɓa da ɗalibi, shi ne ɗaga Temp Limit zuwa 92. Gaskiya ne NVIDIA ta rubuta 94 a matsayin iyakar guntun, amma ba guntun kaɗai ke kan katin ba. Akwai memori da sassan da ke rarraba wuta, waɗanda ba ka ganin zafinsu, ga fankar da ta riga ta sha aiki a hannun wani. Ka bar shi a 83. Sauran tsarin da ya bayar daidai ne, ka ajiye shi sai sanyi ya shigo. Afterburner yana da gurbin ajiye saiti biyar: ka sa na rage wuta a na farko don bazara, ka sa na ƙarin gudu a na biyu don Disamba da Janairu, amma ka tuna lokacin ne ƙura ta fi yawa, sai ka riƙa hure katin a kai a kai. Kowane saiti ka gwada shi a lokacin da shagon ya fi zafi, domin wanda ya zauna da asuba yana iya faɗuwa da la'asar. Idan ka je sayen fawa-fak ɗin, ka ɗauki hoton takardar gefensa ka sa mana a nan mu duba kafin ka biya.